Kaset ɗin Datti Mai Garaya

Ummusalma ba mace ce mai ba da aro ba, duk Anguwan Rogo an shaide ta da wannan. Almakashinta ba ya ƙetare zaure, kekenta na ɗinki kuwa ko 'yarta Sumayya sai ta nemi izini kafin ta ɗora ƙafa a kansa. Amma abin da ta fi tsarewa a duniya wani tsohon kaset ne da ke ƙasan akwatinta, naɗe cikin ƙyallen atamfa. A cikinsa akwai muryar mahaifinta, Datti Mai Garaya, wanda ya yi wa masu haƙar kuza waƙa a barikokin Bukuru tun kafin a haife ta. Wani direba ne ya ɗauke shi a rikoda ranar wani suna, shekara uku kafin rasuwarsa. Gefe ɗaya kawai aka cika, ɗayan ba komai sai shuu. Datti bai bar hoto ba, garayar ma gara ta cinye ta. Wannan kaset shi ne iyakar abin da ya rage mata na ubanta.

Duk ranar Asabar da hantsi takan kunna rediyo ta kama wata ƙaramar tasha da ke kan hanyar Laranto, ta saurari shirin Zauren Kaka. Tatsuniya ake yi, a sa waƙoƙin da, a rufe da wasan kwaikwayo. Mai gabatarwa, Badruddeen, yana da murya mai sanyi da son jan magana, har takan ce da shi daga kan keke, "To mun ji, sa mana waƙar." Cikin damina ta shekarar dubu biyu da biyar sai ya fara roƙo: duk mai tsohuwar waƙar 'yan kuza a gida ya taimaka ya kawo, don masu yin ta suna ƙarewa.

Mako uku ta yi tana juya maganar a ranta.

"Mama, in ba za ki kai ba ki daina yi wa rediyon tsaki," in ji Sumayya. "Kullum ke kaɗai kike jin Kaka. Mu ma sai kin ga dama."

Ranar Talata ta fito da kaset ɗin. Tana gogewa sai ta lura da wasu ƙananan ramuka biyu a samansa, har da ɗan datti a ciki. Ta ce a ranta, nan ne ƙyankyasai za su samu ƙofa, gidan rediyo kuwa wa ya san irin tsabtarsu. Ta yanko salatif, ta liƙe ramukan tsaf, gefe da gefe daidai, aikin tela. Ta duba ta ji daɗin kanta, sannan ta yafa gyale ta hau acaɓa.

Gidan rediyon ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, an manne bangonsa da kwalin ƙwai. Ta tarar da Badruddeen yana shirin shiga karanta sanarwa. Ashe ɗan siriri ne, muryar ce kawai babba. Ya karɓi kaset ɗin da hannu biyu, ya yi godiya har ya so ya wuce gona da iri, ya ce ranar Asabar duk Jos za ta ji Datti. Ta ce masa a dawo mata da abinta ranar Lahadi, ba Litinin ba. Ya ajiye shi a teburin mai kula da na'urori, ya shige da niyyar in ya fito ya yi bayani.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Badruddeen ne, tare da wata mace mai kimanin shekara talatin da ta rufa da gyalen da ka gani ka san na aro ne. Ya ce sunanta Firisila, ita ke riƙe da na'urorin tashar. Tun rikicin da aka yi shekara huɗu da suka wuce ba ta ƙara taka Anguwan Rogo ba, amma yau ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ummusalma ta shimfiɗa musu tabarma, tana kallonsu, ta san mutum ba ya kawo labari mai daɗi da irin wannan fuska.

Firisila ce ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Mama, ni ne na yi laifi. 'Yan wasa sun zo, ba sabon kaset. Na ga wannan a tebur na, ba rubutu a jiki. Na ɗauki wasa a kai."

Ummusalma ba ta gane ba sai da aka maimaita. Da ta gane, sai ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta faɗi maganganu. Ta ce shekara ashirin yana akwatinta ko ɓera bai taɓa shi ba, kwana biyu a hannun 'yan boko ya salwanta. Ta ce ko ɗan koyo ai yakan duba yadi kafin ya sa almakashi. Da ta tsagaita, Badruddeen ya ce a hankali:

"Mama, laifina ne da ban faɗa mata ba. Sai dai a wurinmu, kaset ɗin da aka fasa wa ramukan nan na sama ba ya ɗaukar komai, ko an danna. In muna so mu sake amfani da shi, sai mu liƙe ramukan da salatif. Duk wanda aka gani a liƙe, alama ce an gama da shi. Naki a liƙe ya zo. Ban san wanda ya liƙe ba."

Sumayya, da ke tsaye a gefe, ta dubi uwarta, sannan ta dubi bango. Ummusalma ta so ƙasa ta buɗe ta shige. Ashe ramukan da ta toshe su ne suka tsare mata muryar ubanta duk shekarun nan.

"Ni na liƙe," ta ce.

Ta karɓi kaset ɗin daga hannunsu ta sa a rikoda. Sai ga wasan kwaikwayo: wani ƙato ya fito yana yi wa 'yan haya masifa a kan shara, mata suna guɗa. Haka aka yi ta yi har kusan ƙarshe. Can da wasan ya ƙare sai aka ji ƙarar garaya, da muryar Datti a dishe:

Kuza nauyi, kwano a ka,
Rami ya ci ƙarfin maza.

Ya yi tari, ya yi 'yar dariya, ya ƙara kaɗa garayar kaɗan, sai kaset ya tsaya. Daga waƙar minti arba'in, abin da ya tsira bai cika minti ɗaya ba. Firisila tana kuka a ɓoye cikin gyale. Badruddeen ya roƙi a ba shi guntun ya sa ranar Asabar, ya gaya wa jama'a abin da ya faru.

"Ku yi yadda kuka ga dama," in ji Ummusalma. Ta tashi ta shiga ɗaki ba ta raka su ba.

Asabar ta zo ba ta kunna rediyo ba. Ta yi ta taka keke kamar da shi take faɗa. Baƙin ciki ya ishe ta, ga shi ba wanda za ta ɗora wa sai kanta.

Ranar Laraba Badruddeen ya sake dawowa. Ya ce wasu tsofaffi biyu sun zo tashar tun Litinin, jiya ma sun dawo, yau ga su can zaune, sun ce ba za su daina zuwa ba sai sun ga 'yar Datti. Ta ce ita ba ta san kowa ba. Ya ce su sun san ta. Wannan maganar ce ta sa ta neman takalmi.

A kan benci ta same su. Namijin dogo ne da ya ranƙwafa, da sanda da tsohuwar kwat, sunansa Dantong, daga wani ƙauye bayan Bukuru ɗansa ya kawo shi. Macen gajeriya ce mai jiki, Nkechinyere, tana da shagon kayan masarufi a Laranto, a da kuwa ita ke dafa wa leburori abinci a bariki. Ummusalma ta durƙusa ta gaishe su. Tsohuwar ta kama fuskarta da hannu biyu tana juyawa kamar mai sayen ƙwarya.

"Goshin Datti ne," ta ce. "Dantong, duba goshi."

"Na gani. 'Yata, ina cin abinci na ji tari a rediyo. Na ce wa yara, wannan tari na Datti ne. Shekara goma sha ɗaya muna rami ɗaya. Shi yana waƙa, mu muna amsa, kwano yana hawa."

"Baba, waƙar ta tafi," in ji Ummusalma. "Da hannuna na ɓata ta."

"Ya tafi ina? Amshi yana nan." Ya buga ƙirjinsa. "Amma mu 'yan amshi ne kawai. Sai wani ya jefa, mu kama. Wanda yana jefa shi ne babu."

Firisila, wadda tun shigowarta ba ta yarda sun haɗa ido ba, ta ce daga bakin ƙofa, "Mama, shekara ashirin kina ji. Ba ki riƙe ba?"

Ta riƙe mana. Ta san inda yake jan numfashi, ta san inda wata mata ta ratsa da sallama a tsakiyar baiti na shida. Amma ita Ummusalma, mai jikoki uku, mai zama a sahun gaba a Islamiyya, ta buɗe baki a rediyo? Ta ce Allah ya kiyaye. Nkechinyere ta ce to a rufe ƙofa, ba rediyo, su uku kawai, ita dai tana so ta ji abin nan sau ɗaya kafin ta mutu. Ummusalma ta duba tsohuwar, ta ga ba wasa take ba.

Suka shiga ɗakin kwalin ƙwai. Ba garaya, sai Dantong ya riƙa buga sandarsa a ƙasa. Muryarta ta fito da rawa, siririya, ba ta yi kama da ta Datti ba ko kaɗan.

Kuza nauyi, kwano a ka,
Rami ya ci ƙarfin maza.

Sai tsofaffin suka kama a tare:

Mu hau, mu sauka, rana ta yi.

Tsigar jikinta ta tashi. A kaset ɗin ba mai amsa masa, shi kaɗai yake yi, yakan bar ɗan fili bayan kowane baiti, ita kuwa duk zatonta hutawa yake. Ashe wurin mutane ya bari. Ta jefa na biyu suka kama, ta jefa na uku. A na huɗu ta daina jin kunya. Ta ɗaga kai ta hango Firisila ta cikin gilashi, hannunta a kan na'ura, tana tambaya da ido. Ummusalma ta gyaɗa mata kai.

Baiti goma sha tara ta yi, har ta kawo inda kaset ɗin yake ƙarewa da maimaicin baitin farko. Ta sauke numfashi ta ce shi ke nan. Amma sandar Dantong ba ta tsaya ba.

"Saura ɗaya," ya ce.

"Baba, iyakarta ke nan."

"A'a. Akwai na ƙarshe. Ba ya yi a gidan biki, a rami kawai." Ya juya ga Nkechinyere. "Ke kin fi ni riƙe wannan."

Tsohuwar ta gyara zama. Ta ce kafin a haifi Ummusalma, uwarta ta haifi uku, duk ba wanda ya kai yaye. Ranar da aka haife ta, Datti ya zo bakin rami da safe bai cire riga ba, ya tsaya a sama ya yi wannan baitin, leburori suna amsawa daga ƙasa. Daga ranar, kullum da shi ake tashi daga aiki, har aka rufe barikin. Ta ce ita da kanta ta amsa shi ya fi sau dubu, da ludayi a hannu. Sai ta rera, da Hausarta da ba ta gama miƙewa ba:

Yau ban shiga rami ba,
Na yi baƙuwa a gida.
Ummusalma, ki zauna mana,
Ki zauna, kada ki koma.

Dantong ya amsa shi kaɗai, muryarsa tana karyewa.

Ummusalma ta san an yi yara kafin ita, amma a gidansu ba a taɓa zancen ba, ubanta kuwa ba mutum ne mai nuna so a fili ba. Ba ta taɓa sanin cewa shekara da shekaru wasu mutane da ba ta sani ba, Birom da Ibo da Hausawa, suna cikin laka suna roƙa mata rai kowace yamma ba. Hawaye ya zubo mata ba ta share ba. Godiya ta cika mata ciki har ta rasa wanda za ta fara yi wa, ko tsofaffin nan, ko yarinyar da ke bayan gilashi, ko Allah da ya kawo ta wannan ɗaki.

"To, kin zauna," in ji Nkechinyere, tana dafa gwiwarta. "Mun roƙa, kin zauna."

Ummusalma ta riƙe hannun tsohuwar da nata biyu.

"Mama, sake yi mini. A hankali."

Ta sake. Sau huɗu tana yi Ummusalma tana bi, a na biyar ta jefa da kanta, su biyun suka amsa mata.