Zarni a Kan Naman Baba

Mijina Curtis mutum ne da in ya sayi sabon abu, sai duk layinmu ya san ya saya. Bara injin yankan ciyawa ne. Bana murhun gashi ne, irin wanda ba ya cin gawayi ko gas, sai ƙwayoyin katako, wato dusar ice da aka matse ta zama kamar abincin kaji. Ka zuba su a akwatin gefe, ka danna lamba, injin ya riƙa tura su cikin wuta kaɗan-kaɗan. Har da waya ake haɗa shi. Curtis kan zauna a falo yana leƙen zafin murhun a waya kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ba zan ci haƙƙin murhun ba, ya iya banda. Ba shi ƙirjin saniya ka tafi harkarka, kafin yamma ya yi laushi, hayaƙi ya ratsa shi. Amma zafinsa ba ya wuce digiri ɗari huɗu da hamsin a ma'aunin Amurka ko za ka mutu. Shi kuwa yankan nama mai kauri wuta yake so mai fushi, wadda za ta babbake bayansa nan take ya yi ɓawo, ta bar cikinsa ja. Duk wanda Curtis ya gasa fitowa yake toka-toka, kamar an dafa tafin takalmi. Abin ya tsaya masa a rai, har ya zama ba a tayar da maganar a gidanmu.

Babana, Orval Petrak, shekararsa tamanin da ɗaya, hamsin da biyu daga ciki ya yi su ne yana kiwon shanu a tuddan yashi na yammacin Nebraska. Da ya faɗi sau biyu a garke, na biyun har ya kasa tashi sai da mai kawo wasiƙa ya tsince shi, ya sayar da gonar da shanun duka. Sa ɗaya ya ware aka yanka. Ya rabar da naman, muka yi ta ci duk lokacin sanyi, har ya rage yanka uku na gadon baya a firizata, a naɗe cikin farar takarda, da rubutun hannunsa a kai. Bayan su babu sauran naman shanun Petrak a duniya.

Ranar Litinin zai koma gidan kula da tsofaffi a garin Kearney. Na ga jadawalin abincinsu manne a bango: dankali niƙaƙƙe, nama niƙaƙƙe, komai niƙaƙƙe. Ranar Alhamis ya kira ni.

"Rhonda, naman nan yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"To Lahadi. Da ɓawo a waje, ja a ciki, yadda uwarki take yi. In ji shi a haƙorina sau ɗaya, shi ke nan."

A haƙori ya ce, don shekara uku ke nan hancinsa ya mutu, tun zazzaɓin da ya kwantar da shi wata guda. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. A baki ma gishiri kawai yake ganewa, da tauri ko laushi.

Kaskon ƙarfen marigayiya mahaifiyata yana wurina, baƙi wuluk, mai nauyin tsiya. Minti uku kowane gefe da ɗan man shanu, an gama. Na ce da kaskon nan zan yi. Curtis ya kumbura kamar an zage shi.

"Wato murhuna bai isa ya gasa wa babanki nama ba?"

"Ni ban ce ba. Murhun ne ya faɗa, sau goma sha."

"Na gano sirrin, Rhonda. Ki bar min. Ɗari shida zan kai shi, ki rubuta ki ajiye."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Curtis."

"Ke dai je ki ɗauko tsohon."

Na yarda, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Tafiyar minti arba'in ce zuwa ɗan gidan hayar da Baba yake zaune, ga kayansa da zan taya shi ɗaurewa, ga Curtis yana bi na ɗaki-ɗaki da fuskar tausayi. Ranar Lahadi na miƙa masa ƙunshin farar takardar nan uku na ɗauki makullin mota.

Mun dawo wajen ƙarfe biyu, rana tsaka. Tun daga bakin gareji na ji shi. Da farko ƙauri ne irin na icen fain, mai ƙaro, kamar maganin goge daɓe. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani abu da hancina ya sani sarai, ya kuma ƙi yarda. Muna zagayowa bayan gida iska ta kwaso hayaƙin ta watsa min a fuska, sai da idona ya kawo ruwa. Zarni ne, zarnin fitsarin mage, mai ɗumi, gauraye da maiƙon nama.

Curtis na tsaye da rigar girki da dogon awartakin juya nama a hannu, gumi na zuba, baki har kunne. Maƙwabcinmu Lonnie ya jingina da shinge yana kallo, shi da ba ya rasa shawara a kan abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗari shida da goma!" Curtis ya ɗaga waya sama. "Orval, zo ka gani da idonka! Na cire farantin ƙarfen da ke tare wuta, na ɗora kasko kai tsaye a kan harshenta, sannan na canja ƙwayoyi. Fain! Ya fi ci da zafi."

"Ai na gaya masa," in ji Lonnie. "Duk ice ne. Wanda ake shimfiɗa wa dawaki da wanda ake girki da shi, buhu ne kawai ya bambanta. Damfara ce."

Sai na hango bokitin. Mai launin ruwan lemo ne, mai karyayyen hannu, yana gefen murhu, saura kaɗan a gindinsa.

Muna da mage, Biskit, shekararta tara a gidan. Ƙwayoyin fain nake zuba mata a bahon da take bayan gida. In ta yi fitsari, waɗanda suka jiƙe sukan narke su zama gari. Kowace safiya sai in kwashe kashin, in tankaɗe sauran da rariya, garin ya tafi shara, ƙwayoyin da ba su fashe ba in juye su a wannan bokiti su sha iska, in sake zuba mata. Baba ne ya koya min ba a zubar da abin da ke da sauran amfani. Wasu ƙwayoyin cikin bokitin sun zaga bahon nan sau huɗu, sau biyar.

Na zaunar da Baba a kujerar inuwa, na ce Curtis ya zo ya taya ni ɗauko faranti. Muna shiga kicin na tura ƙofa.

"Ina ka samo ƙwayoyin nan?"

"A gareji. Buhun ya ƙare, sai na ga ragowar a bokiti."

"Ragowa? Curtis, shekara tara, sau nawa ka taɓa wanke bahon Biskit?"

"Me ya kawo mage cikin maganar?"

Na gaya masa. Na gaya masa dalla-dalla, har da rariyar. Na ga launin fuskarsa yana sauka kamar ana zuƙe shi. Ya dubi hannayensa, don da hannu ya yi ta ɗiba, ya ruga famfo.

"Ba ka ji warin ba? Hancinka na ado ne?"

"Na ɗauka haka fain yake! Ai garejin ma kullum haka yake wari." Yana dirzar sabulu har gwiwar hannu. "Ke kuma wa ya ce ki ajiye abin ƙazanta a bokiti ba rubutu? Wa ke tankaɗe kashin mage in ba ke ba?"

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma ban amsa masa laifina ba, ban kuma yi niyyar amsawa ba.

"Wuta ɗari shida ta kashe komai," ya ce a hankali. "Babu ƙwayar cutar da za ta rayu."

"Ta kashe cuta, sannu likita. Warin fa, wa zai kashe shi?"

Ya shigo da naman a kan katako, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kyansa. Ban taɓa ganin ɓawo irin wannan ba, ja mai duhu, yana ƙyalli, kitsen gefe ya soyu ya yi ƙaras-ƙaras. Na dangwali romon da yatsa na kai harshe. Gishiri, nama, sai ɗacin ƙaro, sai zarnin ya taso ta bayan maƙogwaro ya fito ta hanci. Na tofa a wurin wanke-wanke, na kuskure baki sau uku, yana nan.

Na yi tunanin feɗe ɓawon, amma ɓawon aka zo ci. Na yi tunanin zamewa ta ƙofar gaba in sayo wani a kanti. Kitsen naman kanti fari ne, na shanun Baba rawaya ne saboda ciyawa suka ci, kuma mutumin da ya yi shekara hamsin da biyu yana kallon wannan kitsen ba za a yi masa wayo da shi ba. Saura gaskiya: in fita in ce masa san da ya ware, na ƙarshe, mun turara shi da fitsarin mage, gobe kuma ya tafi cin niƙaƙƙen dankali.

"Rhonda!" Muryarsa ta taso daga waje. "Nama na hucewa!"

Lonnie ya ɓace daga shinge, ina jin iska ta juya wajensa. Muka zauna mu uku. Baba ya cire hularsa ya yi addu'a, gajeriya kamar kullum, ya gode wa Allah da ciyawa da ruwan sama. Ya ƙwanƙwasa ɓawon da bayan wuƙa, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. Ya yanka. Ciki ja ne daga gefe zuwa gefe. Ya kai baki ya rufe ido, ina jin ƙarar ɓawon a haƙoransa daga inda nake.

"Curtis," ya ce, "na sha yi maka dariya a kan akwatin nan naka. Na janye. Ko marigayiya ba ta fi haka ba."

Curtis ya ce na gode. Shekara ashirin da shida yana jiran yabo ɗaya daga bakin surukinsa, ga shi ya zo. Ya tsura wa farantinsa ido. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, na nuna masa wuƙa da ido, ya gane cewa ko loma ɗaya ya bari sai mun kwana biyu ba mu shirya ba.

Ni kuwa na yi ta juya salak a faranti, ina jan numfashi ta baki. Na ɗauka zan tsira da cewa cikina ne ba daɗi. Baba ya ci loma uku, sannan ya ajiye cokali mai yatsu ya dube ni.

"Ba kya ci."

"Ina ci, Baba."

Ya jawo farantina gabansa, ya yanko daga wajen kitsen, inda ɓawon ya fi kauri, yadda yake yi min ina ƙarama in an yanka sa. Ya miƙo min a kan cokalin.

"Ni tauri kawai nake ji, 'yata, da gishiri. Wannan san a fadamar arewa ya yi kiwonsa na ƙarshe, inda ciyawar nan mai zaƙi take. Uwarki takan ce tana jin ta a nama. Ci ki gaya min. Tana nan?"

Na karɓa na sa a baki. Zarnin ya cika min kai. Na tauna a hankali domin yana kallon bakina. Hawaye suka zubo min, ya gan su, ya ɗauka na kewar uwata ne, kuma rabinsu nata ne.

"Tana nan, Baba," na ce. "Zaƙinta har hanci."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yanka min nawa ƙanana-ƙanana.

"To cinye duka," ya ce. "Ki riƙa gaya min."