Garejin Mode

A shekarun da kuɗin mai suka haukata ƙasa, kowane gida a Ƙofar Atiku ya samu abin nunawa. Wannan ya yi Fijo, wancan ya yi Marsandi. Shi kuwa Mode, ɗan Alhaji Bawa mai hatsi, abin da ya samu kwali ne. Wani Bature mai aikin hanya ne ya bar masa da zai koma Amurka. A ciki akwai guntayen roba, ɗan gam, fenti, da hoton wata jar mota mai dogon hanci, Mustan.

Gaskiya Mode gwani ne. Ya rufe kansa a ɗaki yana ciro ƙananan tayoyi da matsefata, yana manna injin da bai kai dabino ba, yana goge bamba da tsinken sakace. Da ya gama, motar ta fito ja jawur, tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba. Da ya tsaya nan, da an yaba masa an wuce. Amma baki shi ke yanka wuya.

Ya kai ta zauren mahaifinsa, inda dattawan unguwa ke hira. Haruna mai atamfa ya juya ta, ya taɓe baki. "Wagga abin wasan yara ta."

Zuciya ta ɗebi Mode. "Samfur ta! Ta gaske tana Ikko cikin jirgi. Jiragen siminti sunka tare hanya."

Kowa ya san labarin jiragen simintin da gwamnatin soja ta yi odarsu, suka cushe bakin teku, don haka aka yarda. Alhaji Bawa, wanda Marsandin maƙwabci ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya, ya ji daɗi har ya kasa zama.

"Girmanta hwa?"

"Sau ashirin da biyar, Baba. Haka anka rubuta ga kwali."

Nan take Alhaji ya sa aka kawo igiya. Aka auna 'yar motar, aka ninka, aka ja igiya a ƙofar gida. Babu fili sai zauren nan, zauren ƙasa mai sanyi da kakan Mode ya gina, inda Alhaji ke wuni tun yana saurayi.

"A rushe shi," in ji Alhaji. "Motar ɗana ba ta kwana waje."

Ranar da magina suka zo Mode ya tsaya gaban uban, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya hango Haruna yana kallonsa. Ya ce, "Baba, a yi ƙofar da faɗi." Kunya ta fi ƙarfinsa, diga ta fi ƙarfin zaure.

Aka gina gareji na bulo da kwano, wanda ko akuya ba ta iya wuni a ciki don zafi. Dattawa suka koma zauren mai Marsandi. Alhaji ya koma gindin katanga, yana bin inuwa da buzunsa, yana duban hanya.

Bayan damina Haruna ya dawo daga sarin kaya a Ikko. Ya tsuguna gaban Alhaji, ya ajiye kwali sak irin na Mode. "Ga tsarabar jikoki. Kanti guda na gani cike da su, har masu kore."

Alhaji ya daɗe yana kallon kwalin. Bai yi faɗa ba. Ya aika aka kira Mode da motarsa, aka wangale ƙofar gareji, unguwa ta taru.

"Shiga da ita, Mode. Sannu sannu, kak ka goge bango."

Mode ya shiga, ya durƙusa, ya ajiye ta a tsakiyar siminti. Alhaji ya miƙa masa makulli.

"Kullum da sahe ka hiddo ta, da marece ka maishe ta. Don ita munka rasa zaure."