Gaisuwar da Ba a Amsa Ba

Ni na zaɓi ƙauyen, kuma da gangan na zaɓe shi. Gara in faɗa tun yanzu.

Mu uku ne a ɗaki ɗaya a jami'a a Dar es Salaam: ni Siwema, da Haika 'yar wani attajirin garin Moshi, sai Naida. Kafin zuwan Naida ni ce ta hannun daman Haika, ni ke zama a gaban mota. Yarinyar nan ta shigo da turarenta da yangarta, wai a Maskat ta ƙasar Oman ta tashi, babanta ɗan kasuwa ne. Kafin zango ya ƙare na koma kujerar baya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Wata rana ina neman caja a jakar Naida sai na ci karo da takardar rajistarta. Sunanta na gaskiya Mwanaidi Makame, ƙauyen Mwembeni, gabashin tsibirin Unguja. Uba: Makame, marigayi. Sana'ar uwa: noman mwani, ciyawar tekun nan da ake shanyawa a bakin ruwa. Na mayar da takardar yadda na same ta, na ja bakina na yi shiru har wata huɗu.

Da hutun sanyi na watan Yuli ya zo, Haika ta ce babanta ya yarda mu je tsibiri mu huta sati guda, mu dai mu zaɓi wuri. Na miƙa mata waya da hoton wani otal a Mwembeni.

"Haba, can ai ƙauye ne," in ji Naida. "Mu je arewacin tsibirin mana, can ake shagali."

"Hutu muke so, ba hayaniya ba," na ce. "Ko akwai wanda kike gudu a can?"

Ta yi dariya, amma ba ta ƙara taɓa abincin gabanta ba. Washegari na ji ta a bayan ɗaki tana waya ƙasa-ƙasa: "Mama, bana babu hutu. Jarrabawa ce ta riƙe mu."

Wurin kuwa ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Farin yashi, iska mai sanyi, ga kifi da shinkafa da madarar kwakwa kullum. Ni da Haika muka baje a inuwa muna shan ruwan kwakwa har barci ya kwashe mu. Naida kuwa ta ƙwama baƙin tabarau da malafa, ta ƙi leƙa ƙofar otal, yau ciwon kai, gobe ciwon ciki. Ma'aikatan otal ɗin duk baƙi ne, ba 'yan tsibirin ba, ba wanda ya san ta. Har ta fara sakin jiki, ni kuma ina kallonta.

Rana ta huɗu da safe ruwa ya janye can nesa, gonakin mwani suka fito: turaku a jere, an ɗaura igiyoyi a tsakaninsu, mata sun zazzauna cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba suna aiki.

"Wayyo, ku duba kyau!" in ji Haika. "Hoto, hoto! Naida, tashi."

"Kaina..."

"Kanki ya gaji da ciwo," na ce, na kama hannunta. "Iskar teku magani ce."

Tun jiya na tambayi mai gadi wace ce matar marigayi Makame, ya nuna mini gonarta. Bi Tatu, wata siririyar dattijuwa mai jan zane, yatsunta duk gishiri ya cinye su. Can na nufa da su kai tsaye.

"Shikamoo, Mama," in ji Haika, gaisuwar da ake yi wa manya, har da ɗan russunawa, don ita akwai tarbiyya.

"Marahaba, 'yata."

"Shikamoo," na ce.

"Marahaba."

Sai ta ɗaga kai ta dubi ta ukunmu. Tabarau ba ya ɓoye wa uwa ɗiyarta. Na ga fuskar matar ta washe, bakinta ya buɗe, amsar tana kan harshenta tana jiran gaisuwa kawai. A wajenmu ko ɗan shekara uku ba ya wuce babba bai ce shikamoo ba. Naida ta juya kai tana kallon wani kwalekwale.

"Ki yi mata uzuri, Mama," na ce. "A Maskat ta tashi, ba ta san gaisuwarmu ba."

Bi Tatu ta rufe bakinta a hankali, ta mayar da idonta kan igiya.

Haika ba ta lura da komai ba. Tana ja da baya don ta ɗauko mu duka a hoto sai ta yi tuntuɓe da turke, igiya guda ta kwance, 'ya'yan mwanin da aka ɗaura suka fara bin ruwa. Kafin kowa ya motsa Naida ta durƙusa. Ta cafke su, ta karkaɗe yashi, ta shiga ɗaurawa da ƙullin zarge, tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu, ko kallon hannunta ba ta yi. Ta mayar da turken ta danna shi da dunduniya. Sai da ta gama ta gane abin da ta yi.

"Ikon Allah!" in ji Haika. "Ke, a Maskat aka koya miki wannan?"

Zuciyata fari ƙal, na ce yau asiri zai tonu.

"Mama," na ce, "kamar kin san ta ko? Ki dube ta da kyau."

Dattijuwar ta daɗe tana dubanta, daga malafa har farcen ƙafa mai jan fenti.

"Ban san ta ba," ta ce. "Ina dai da 'ya kamarta a jami'a. Bana ba ta samu hutu ba, jarrabawa ta riƙe su. Ita tawa tana gaida manya." Ta juya ga Naida. "Na gode da taimako, madam. Ki fita daga ruwan kada ki ɓata kayanki."

Haika ta yi ta dariyar "madam" ɗin har muka koma otal, ta ce daga yau sunan Naida ke nan. Asiri bai tonu ba. Da farko haushi ya kama ni, sai da na ga Naida ta kasa haɗiye ko ruwa sannan na gane na samu fiye da abin da na nema.

Washegari da ruwa ya sake janyewa, muna kwance a baranda ni da Haika, sai na hango Naida. Babu tabarau, babu malafa, ta ɗaura zane ta yafa wani, ƙafa ba takalmi. Ta bi tsakanin turaku ba ta taka igiya ko ɗaya ba, ta je ta durƙusa gaban Bi Tatu. Iska tana kaɗowa wajenmu, don haka na ji.

"Shikamoo, Mama."

Matar ta ci gaba da ɗauri.

"Mama, shikamoo."

Ta gama igiyar, ta matsa ta kama ta gaba. Sauran matan suka sunkuyar da kai kan aikinsu. Naida ta bi ta da rarrafe cikin ruwa tana maimaitawa. A nan kam na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, amma ban tashi ba, kwakwata ma ban ajiye ba.

"Dubi Madam, ta yi sabuwar ƙawa," in ji Haika, ta ɗaga waya ta ɗauke su hoto. "Yarinyar nan akwai kirki."

Ruwa ya fara dawowa. Bi Tatu ta cika buhunta, ta ɗora a ka ita kaɗai, ta wuce ta gefen 'yarta ta nufi tudu. Naida na nan durƙushe har ruwa ya kai mata ƙugu.