Sanyin da Bai Zo da Wuri Ba

Shekara uku ke nan Malam Zubair bai ja salla ba, kuma duk unguwar Dutse Uku an san dalili, faɗa ne kawai ba a yi. Tiyata aka yi masa a ƙasan mara, aka cire ciwon nan da ke kama dattawa kusa da mafitsara. Ciwo ya tafi, riƙon fitsari ma ya bi shi. Mutumin da ya shekara ashirin yana limanci ya koma salla a ɗaki. In lasifikar masallaci ta ɗauko karatun sabon liman, sai ka ga leɓɓansa suna bi.

'Yarsa ta fari, Jummare, injiniya ce a jami'a, aikinta lissafin yadda zafi ke ratsa abu. Da can ƙarafa take wa lissafi. Abin da ya sami mahaifin nata, da take kira Baffa, shi ne ya juyo da ita kan jikin mutum. Ƙawarta Suzana, likitar tiyata, ta ce mata ana zaton in aka zura 'yar balan-balan mai ruwan sanyi aka sanyaya wurin lokacin aiki, jijiyoyin riƙon fitsari ba za su jikkata sosai ba. Sai dai minti nawa sanyin zai ɗauka ya isa gare su, ga jini yana ta kawo ɗumi? Wannan Jummare ke son kwamfuta ta lissafa.

Ranar da Suzana ta ga zanen da ta saka wa kwamfutar, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Haba Jummare, wannan ai ƙwai ne a kwano! Ba ɗan Adam mai ciki haka. Nemo hoton sikanin na asibiti, na mutumin gaske."

Hoto kuwa akwai, yana kan faifai a durowar Baffa. To amma jama'a, da wane baki? Mutumin da don kunyar 'yar fari ko sunanta bai taɓa kira ba, shi za ta ce wa ba ni hoton mararka? Sau uku tana shiga da shayi, sau uku tana fitowa da hirar sanyin Jos. Ta gaji, ta kira Suzana a waya daga tsakar gida ta ce wallahi ba za ta iya ba. Ta manta tagar Baffa a buɗe take.

Da safe ta tarar da faifan a kan kwamfutarta, naɗe cikin farin hankici. Ta daɗe tana riƙe da shi, ƙwalla na zuba.

Bayan mako biyu, gab da azahar, Baffa ya tsaya a ƙofar falo.

"Ke, an gama?"

Ta juyo masa da kwamfutar. Komai ja ne, alamar ɗumi. Ta danna, shuɗi, alamar sanyi, ya fara bazuwa daga tsakiya a hankali.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne, Baffa."

"Waɗannan zare-zaren fa?"

"Su ne jijiyoyin."

Ya sunkuyo. A minti na ashirin da takwas na lissafin, shuɗin ya rufe su ruf.

"Da an san wannan a lokacina..." Bai ƙarasa ba.

Ta so ta ce e, ta so ƙwarai. Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

"Ban sani ba, Baffa. Lissafi ne tukuna, sai an gwada."

Ya gyaɗa kai. A waje aka ta da salla, sabon liman ya yi kabbara. Ta zaci ɗaki zai koma kamar kullum. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, idonsa na kan jijiyoyin.

"Jummare," ya ce, "sake kunnawa in gani."