Yaran Da Aka Kulle A Sito

Da jin cewa jami'a daga ma'aikatar ilimi tana hanya, Shugaban makaranta ya faɗo aji uku yana haki.

"Malama, kwashe min daƙiƙan nan biyu. Wancan mai tsalle kamar an zuba masa barkono a wando, da wannan da har yau take rubuta haruffa a juye."

"Ranka ya daɗe, ba daƙiƙai ba ne. Ita haruffa ke rikice mata, shi kuma hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Taimako suke buƙata."

"Sito zai taimake su. Ba za su zubar min da mutunci gaban baƙuwa ba."

Ya tura su cikin karyayyun kujeru, ya murɗa makulli, ya gyara wuyan rigarsa.

Jami'ar ta tarar da aji tsit, kowane yaro yana karatu tiryan-tiryan. Sai ta ce, "Mun samu ƙwararriyar malama guda ɗaya ta yara masu wahalar koyo. Makarantar da ke da irinsu za mu bai wa. Kuna da su?"

Shugaba ya washe baki. "Mu? Ai nan ba ma tara irin wannan kaya."

Jami'ar ta nufi mota. Malama ta san in matar nan ta tafi, ƙarshen zango korar yaran za a yi. Ta ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, a ba ni makullin sito, iska ta yi wa kayan kaɗan."

Jami'ar ta juyo a hankali, ta miƙa wa Shugaba tafin hannunta. Ya hau laluben aljihu.