Raga a Gonar Baba

Sau nawa aka ɗaga jarrabawar nan, wallahi har na daina ƙirgawa. Da farko cewa aka yi cikin rani za a yi ta, sai aka shiga yajin aiki. Da aka dawo, malamin da zai duba ni, Dakta Mahadi, ya kwanta ciwon baya. Da ya miƙe kuma aka ce a jira sabon jadawali. Haka rana ta yi ta matsawa gaba har ta zo ta tsaya daidai bakin damina.

Sunana Lukuman, ina shekarar ƙarshe a sashen koyar da wasanni da ilimin motsa jiki. Don Allah kada a tambaye ni wane irin karatu ne wannan, na gaji da bayani. Inna har gobe in an tambaye ta, cewa take yi, "Guje-guje yake koyo a jami'a." Abu ɗaya ya rage mini: in haɗa ƙungiyar ƙwallo, in horar da ita, malami ya zo ya ga atisayenmu da idonsa ya ba ni maki. In babu makin nan, babu takardar gamawa, sai baɗi.

Abokan karatuna masu wayo tun da wuri suka kame makarantun Gusau masu filin wasa. Kafin in farga babu saura. Sai na koma gida 'Yandoto, na tara samarin unguwarmu, Bala ɗan maƙwabcinmu ya zama kyaftin. Fili kuwa babu. Baba ne ya ara mana gonarsa ta bakin gari.

"Ku yi tsalle-tsallenku," ya ce. "Amma in ruwa ya sauka, gona ta koma gona."

Na ce, "Haba Baba, kafin nan ai an daɗe da gamawa."

Mun sha wahalar filin nan. Muka baje kunya-kunyan bara, muka tone kututturen kara, muka ƙone ƙaya. Muka saro itacen darbejiya muka kafa turakun raga. Layi kuwa da tokar murhun Inna nake ja. Duk ƙarshen mako ina kan hanya, daga ɗakin yayata a Tudun Wadan Gusau zuwa tasha, bas zuwa Tsafe, mashin zuwa gida. In na koma sai in ji kamar an yi mini dukan sakwara. Amma samarin sun koya. Bala da a da in ya ga ƙwallo sai ya rufe ido ya narka mata ƙafa, ya zo yana ɗaga kai yana neman wanda zai ba.

Da hadari ya fara yawo, wasu maƙwabta suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Baba ya so ya yi. Ya zo bakin gonar ya tsaya yana kallonmu muna zagaye, ya daɗe, sannan ya juya gida.

Ana gobe jarrabawa, ina Gusau, bayan la'asar na ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Kafin magariba Bala ya kira ni, ina jin ƙarar ruwa a kan kwano ta cikin waya.

"Koci, an yi ruwa fa! Ruwan shuka, ba yayyafi ba."

Murna ce fal a muryarsa. Ni kuwa jarrabawar gobe ce ta faɗo mini a rai. Duk wanda aka haifa a garinmu ya san abin da ke biyo bayan ruwan shuka: da gari ya waye kowane gida yakan fita gona, tsoho da yaro, kafin rana ta shanye laimar. Ko ɗaurin aure aka sa ranar, sai dai liman ya jira.

Na kira Dakta Mahadi, na roƙe shi ya ƙara mini ko zuwa jibi.

"Lukuman, ba ni da jibi," ya ce. "Da safe kai, da rana wata ɗaliba a Bungudu, daga nan in miƙa sakamako. An rufe ke nan. Ka yi haƙuri."

Na kira Baba. Ban ma san abin da zan ce masa ba, ina ta kame-kame. Ya katse ni.

"Wanga malami naka gobe zai taho?"

"Gobe, Baba."

"To ku taho."

Da safe na shiga motar Dakta muka ɗauki hanyar Tsafe. Hagu da dama mutane ne a gonaki, layi-layi. Mai sungumi a gaba yana sara rami, masu ƙwarya a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙanshin ƙasa ya cika motar. Dakta ya sauke gilas yana cewa masha Allah, bana an samu ruwa da wuri. Ni dai hankalina na kan gonarmu.

Muna shan kwanar gari na hango gonarmu. Ita kaɗai ce babu mai shuka a cikinta. Turakun raga na tsaye. Ruwa ya wanke layukan da na ja, amma wani ya sake jansu da sabuwar toka, a karkace, da'irar tsakiya ta fito kamar ƙwan zabo. Baba na tsaye gefe da tsohon kwanon toka a hannu, rigarsa ta yi furu-furu. Sunguminsa da ƙwaryar gero suna ajiye a gindin tsamiya, ko taɓa su bai yi ba.

Na rasa inda zan sa idona. Mutumin da abincin gidansa na shekara ke cikin wannan ƙasa, shi ne ya tashi tun asuba yana ja mini layin ƙwallo.

Ya gaida Dakta da hannu biyu, ya shimfiɗa masa tabarma. Ɗan wasa kuwa ko ɗaya babu.

Na sa usur a baki na busa. Na sake busawa har kunnena ya yi ƙara. Can nesa wani ya ɗaga hannu, ya sake sunkuyawa. Na kwasa da gudu zuwa gonar su Bala, takalmina na ɗaukar laka. Na same shi a bayan mahaifinsa, ƙwarya a hannu, rigar ƙungiyarmu ce ma a jikinsa.

"Bala, don girman Allah! Ɗan lokaci kaɗan. Ku zo malam ya gan ku kawai."

Ya kalli mahaifinsa. Tsohon ya amsa gaisuwata ba tare da sungumin ya tsaya ba.

"Koci," Bala ya ce a hankali, "bayan la'asar wallahi duk muna nan. Ka ce ya jira."

Da wane ido zan ce ya ajiye ƙwaryar? Na bi gonaki biyu ko uku, amsar ke nan. Na dawo ina jan ƙafa.

Dakta ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zauna har inuwar tsamiyar ta tattare ta dawo gindinta. Baba ya dube shi ya ce in mutum ake nema ai ga shi, da ƙuruciya ya yi langa, babu mai kayar da shi. Dakta ya yi dariya, ni ma na yi, idona na zafi. Daga ƙarshe ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ba zan iya ba da maki a kan abin da ban gani ba, Lukuman. Ka sake rajista. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ya yi wa Baba sallama da girmamawa, har da riƙe hannu, ya ja mota ya nufi Bungudu.

Baba ya raka motar da ido, sannan ya juyo yana murmushi.

"Mutumin kirki. Ya ga hilin ya yi kyau ko? An gama ke nan?"

"Ba a gama ba, Baba. Sai baɗi."

"Baɗi?"

"Shekara guda zan ƙara."

Murmushin ya tafi a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya tura yatsu cikin ƙasa. Saman ya riga ya bushe, sai da ya tona sosai kafin ya kai ga laima.

"Ɗauko iri," ya ce.

Na cire usur daga wuya na cusa a aljihu, na ɗauki ƙwaryar. Ya shiga gaba da sungumi, ina binsa ina jefa gero ina rufewa, muna taka layin tokar da ya ja da safe. Rana ta take, bayana kamar zai karye. Da muka kai bakin raga na ajiye ƙwaryar, na rungumi turke ɗaya na fara girgiza shi in tuge.

"Bar su nan," Baba ya ce, bai ko waiwayo ba. "Mu kewaye su. Ba ka ce baɗi ba?"