Kazar da Auta Ta Hana Ni

Ina cikin guga a shagon wankin da nake aiki labarin ya same ni. Na ɗaga kai sai na ga manajan gidan kajin da 'yata take aiki tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa yana ta murza ta a hannu. A bayansa ga Dogo, mai soya musu kaza, ko rigar kicin bai cire ba. Manaja ya ce, "Inna, kashe dutsen gugar nan tukuna." Sannan ya faɗa min. Motar hayar da 'yata Auta ta shiga da safe ce ta yi karo da babbar mota, kafin a kai su asibiti rai ya yi halinsa. Ban kashe dutsen ba. Abokiyar aikina ce ta zare wayar bayan rigar mutane ta ƙone.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na tuna shi nake rubutawa. Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta rage kusa da ni. Aurenta ya mutu, mijin ya yi nisa ba a jin ɗuriyarsa, ta dawo ɗakina da 'yarta. Sunana aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke ce mata Takwara. Auta ta sami aiki a gidan kajin nan da ke bakin titi, mai jajayen kujeru da gilashi ko'ina. Ita ce a kanta, tana karɓar odar mutane. Ranar da na fara zuwa na ƙwala mata kira daga ƙofa, "Auta!" Shi ke nan sunan ya bi ta, har manaja da shi yake kiranta.

Ni mace ce mai son maiƙo, ban taɓa ɓoyewa ba. Kazarsu soyayya, wadda ake tsomawa a fulawa ta fito tana ƙaras-ƙaras, ko yanzu na tuna sai yawuna ya tsinke. Sai ga shi wata rana jiri ya kwashe ni a wurin aiki, likita ya ce jinina ya hau sosai, sukari ma ya fara leƙowa. Auta ce ta raka ni, duk abin da ya faɗa a kanta ya zauna.

Daga ranar na shiga uku. Duk ƙarshen mako in na tashi aiki sai in ɗauko Takwara mu je mu jira ta. In tsaya a layi kamar kowa, in ce, "A ba ni soyayya, da dankali babba, da lemo mai sanyi."

Sai ta yi min murmushin da take wa baƙi. "To, Mama. Gasasshiya ɗaya, da salak ban da kirim, da ruwa. Akwai wani abu kuma?"

"Ke, kunnenki lafiya?"

"Lafiya lau. Mai bi!"

"Zan kai ƙararki wurin manaja, mara kunya."

"Ga ofishinsa can, Inna. Ki gaishe shi."

Mutanen layi su yi ta dariya, Dogo ya leƙo ta tagar kicin yana cewa, "Inna, ni ba ruwana, umarni nake bi."

Soyayya kullum a shirye take, tana jere a ƙarƙashin fitila, kana biya ana miƙo maka. Gasasshiya kuwa sai an yi oda ake ɗora ta a wuta, dole ka nemi kujera ka jira. A wannan jiran ne Auta take karɓar hutunta. Ta zo ta zauna, ta zare takalmi a ƙarƙashin tebur don ƙafafunta sun kumbura, ta ba ni labarin mai odar da ya yi mata tsawa da wanda ya ce yana sonta alhali da zobe a yatsarsa. In kaza ta iso, ita za ta saɓule fatar ta tura gefe. Kwalbar gishiri ta ɗauke ta kai wani tebur. Dankali ƙarami ɗaya take sayo wa Takwara, ni kuma a ba ni 'yan sili kamar ana sallamar yaro. In na miƙa hannu zan ƙara, Takwara ta kai ƙarata, "Mama, ga ta nan ta sake!"

Sau ɗaya na yi fushi na gaske. Na ce ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba, kuma cikina nawa ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna, in kika faɗi, wa zai riƙe min yarinyar nan? Ke kaɗai gare mu." Na jawo ganyena na ci.

Bayan rasuwarta komai ya fita daga kaina. Maganin jini na nan a kan taga, wata rana in sha, wata rana in manta, wata rana ina kallonsa in ƙi. Abin da hannuna ya kai shi nake ci. Kaina ya koma sarawa, ban gaya wa kowa ba. Titin gidan kajin ma na daina bi.

Takwara ce ta matsa, wai tana son ta je wurin aikin mamanta. Na yi ta ja mata rai har na gaji, muka tafi. Wurin yana nan yadda yake, ƙamshin ma bai canza ba. Wata sabuwar yarinya ce a kanta, siririya, ba ta san ni ba. Na ce, "Soyayya, da dankali babba, da lemo mai sanyi."

Ta ce, "To, Mama." Ta danna injinta.

Ban ko gama rufe jakata ba ta turo min tire. Na tsaya ina kallonta, ina jiran ta ce wani abu. Ta ce, "Da saura, Mama?" Na ce babu.

Muka zauna. Ga abin da na yi shekaru ina faɗa a kansa, a gabana, da zafinsa, ba mai hana ni. Na gutsura. Ba zan yi ƙarya ba, da daɗi. Dogo ya hango mu ya fito yana goge hannu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya shafa kan Takwara. Idonsa ya sauka a kan tiren. Na zuba masa ido ko zai yi magana. Ya ce, "Ci abinki, Inna. Ni ba ni da bakin hana ki." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Takwara ma ba ta kai ƙarata ba, don babu wanda za ta kai wa. Tana ta cin dankalinta, kitson da na yi mata ya karkace. Na dube ta da kyau. Ko igiyar takalminta ba ta iya ɗaurewa ba tukuna. In na faɗi a gaban tebur ɗin guga gobe, ban san ƙofar da za a kai ta ba.

Na ɗauki tiren na koma kanta. Na ce wa yarinyar, "'Yata, dube ni da kyau, ki riƙe fuskar nan. Duk ranar da na zo na ce soyayya, ki ba ni gasasshiya da ganye da ruwa. Ko na yi faɗa. Kuma zan yi."

Ta zaro ido. "Mama, so kike a kore ni?"

Dogo ya ce daga bayana, "Ba mai korarki. Innar Auta ce."

Yarinyar ta rufe baki da hannu, ashe ta ji labari. Ta ce a hankali, "Amma za ki ɗan jira, Mama. Sai an gasa."

Na ce, "Na sani."

Yanzu muna zuwa jefi-jefi. Yarinyar ta koyi aikin, har ta fara yi min rashin kunya, sai dai ba ta kai Auta iya murmushin mugunta ba. Magani na koma sha. Takwara ta shiga aji na gaba, tana ɗaure takalminta da kanta.

Kullum da safe in na haɗa shayi, sai in ɗebo sukari cokali a cike, yadda raina yake so. In tsaya da shi a kan kofi. Sannan in karkaɗe rabi ya koma gwangwani. Duka dai ban iya mayarwa ba har yau.